Ranar Salla a Gidan da Anka Yi Rashi

Muna gaida ɗaliban makarantun yaƙi da jahilci, maza da mata, da malamansu, da duk wanda ya matso kusa da akwatin rediyo ko da bai rubuta sunansa a aji ba. Yau ba zancen taki ko na bashin iri za mu yi ba. Zancen yau yana da nauyi, kuma babu gidan da bai shafa ba.

Wata takarda ce ta zo mana daga ƙasar Arewa, daga wani ƙauye na gundumar Tibiri. Tibirin jahar Dosso nake nufi, ta Samna, wadda ke cikin Dallol Mawri kudu da Dogon Dutsi, ba Tibirin Gobir ta kusa da Maraɗi ba. Da can tana ƙarƙashin Dogon Dutsi, sai a 2011 anka ba ta gundumarta, tare da Gesheme da Dumega da Kore Mairuwa. Malamin da ke koya wa mata karatu a ƙauyen shi ne ya rubuto. Ya roƙe mu kada mu faɗi suna, kuma ba za mu faɗa ba.

Ya ce yana da wata ɗaliba, uwar ƴaƴa biyar, wadda ta fi kowa ƙoƙari a ajinsa. Mijinta ya rasu da bazarar 2015, lokacin da sanƙarau ya shigo ƙasa. Waɗanda sunka ga shekarar ba su manta ba: cutar ta kama dubban mutane, ta kashe fiye da 500 a Nijar, kuma Yamai da Dogon Dutsi da Gaya suna cikin wuraren da abin ya fi tsanani. Mutumin ya wuni lafiya, da dare ya ce kansa na ciwo, wuya ya ƙage, kwana biyu anka kai shi makwancinsa. Shekaru sun wuce, yara sun girma, matar tana sana'arta ta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, tana dariya da mutane. Amma da zarar zafin bazara ya kama, sai ta daina zuwa aji. Haka kuma in salla ta gabato. Takan shiga ɗaki ta kwanta, ba ta cin abinci sosai, ba ta son hayaniya. Abokan karatunta sun kasu biyu. Wasu na cewa rashin tawakkali ne, wasu na cewa iska ce ke taɓa ta. Malam ya tambaye mu: me zan ce da ita, me zan ce da su?

To, Malam, mun gode da wannan takarda. Amsar da zan fara ba ka ita ce, ɗalibarka lafiyarta ƙalau, kuma imaninta na nan. Abin da ke samunta yana samun mutane ko'ina a duniya, likitoci sun san shi, malamai ma sun san shi.

Ku duba, jama'a. Wanda ya taɓa karyewa, ko ƙashin ya ɗoru ya warke, in sanyi ya zo sai ya ji wurin yana motsi. Zuciya ma haka take. Baƙin cikin rashi ba ya tafiya gaba ɗaya, kwantawa yake yi, kuma akwai ranakun da ke tashe shi. Abin mamaki, sau da yawa jiki ne ke fara tunawa kafin hankali. Mace za ta ga barci ya ƙi zuwa, kai na sarawa, ƙirji ya yi nauyi, tana faɗa da yara ba dalili. Sai daga baya ta ƙirga, ta ce, ashe kwanakin ne sunka zagayo. Iskar bazara mai ƙura, da ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, da kabbarar masu tafiya idi, da hayaƙin naman layya, kowanne yana iya buɗe ƙofar da mutum ya yi zaton ya rufe.

Mu kuma a nan lissafinmu ya fi na wasu ƙasashe wuya, don kalanda uku gare mu. Akwai watannin Musulunci, akwai watannin boko, akwai kuma lissafin manomi, wato rani da bazara da damina da kaka. Ɗalibai, ku ɗauki alli. Shekarar boko kwana 365 ce. Shekarar Musulunci kwana 354 ce, wani lokaci 355. Ku ɗebe 354 daga 365, saura 11. Wato kowace shekara watan Musulunci yana ja da baya da wajen kwana 11. Cikin shekara uku ya ja da kwana 33, wata guda ke nan da ƴan kai. Sai an yi wajen shekara 33 kafin ya koma inda ya taso.

Mu gwada da labarin wannan baiwar Allah. Mijinta ya rasu a ƙarshen watan Afrilu na 2015, wanda ya yi daidai da farkon Rajab, watan azumin tsofaffi, na shekarar 1436. A 2025 kuwa, Rajab ya kama ne cikin Janairu, tsakiyar ɗari. Kun gani? Ranar rasuwar ta rabu biyu. In malam ya ƙirga mata, zai ce cikin sanyi ne. Jikinta kuwa bazara ya riƙe. Saboda haka sau biyu take jin abin, ban da salloli biyu, ban da ranar shuka, lokacin da kowace mace ke bin bayan mijinta da ƙwaryar iri, ita kuwa gonarta na jiran wanda zai sare mata rami. Wanda bai san wannan lissafi ba sai ya ce ai kullum cikin kuka take. Ba kullum ba ne. Ranaku ne sanannu, kuma ana iya rubuta su.

A shekarar farko abin ya fi haka ma. Takaba wata huɗu ne da kwana goma, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara, in mace ba ta da ciki. In kun ƙirga daga farkon Rajab, za ku ga ba ta fita ba sai tsakiyar Zulƙida. Ke nan cikin takaba ta yi azumi, cikin takaba ta yi ƙaramar salla, ba lalle, ba kwalli, ba turare, tana jin kiɗa daga nesa. Ta fita da mako uku da ɗoriya sai ga layya, kuma babu mai yanka a gidan.

Zancen layyar 2015 ya tuna mini wani abu. Ranar 24 ga Satumba na wannan shekara, wato 10 ga Zulhajji, anka yi turmutsutsu a Mina, wajen hanyar jifan shaiɗan. Hukumomin Saudiyya sun ba da lissafin mutum 769, amma da anka haɗa lissafin ƙasashe ya wuce 2000, kuma akwai alhazan Nijar da na Nijeriya da yawa a ciki. Waɗannan gidaje, ranar sallarsu ita ce ranar rashinsu har abada. Haka iyalan sojojinmu 71 da sunka kwanta dama a Inates ranar 10 ga Disamba 2019, kwana takwas kafin bukin Jamhuriya, da 89 na Shinagodar ranar 9 ga Janairu 2020. Waɗannan samari daga kowane lungu na ƙasa sunka fito. Duk shekara rediyo zai ambaci ranar, uwa na tsakar gida tana ji. Allah ya jiƙansu, ya ba nasu haƙuri.

Yanzu bari in juya ga masu cewa rashin tawakkali ne. Ni ba malamin fatawa ba ne, amma abin da zan faɗa duk almajiri ya san shi. Annabi Yaƙubu ya yi shekaru yana baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa sunka yi fari, amma shi ne ake ba da misali da kyakkyawan haƙurinsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Shekarar da Nana Hadiza da baffansa Abu Ɗalib sunka rasu, masu tarihi sun sa mata suna shekarar baƙin ciki. Kuma bayan shekaru, a Madina, in ya yanka akuya ko tunkiya, yakan aika da naman ga ƙawayen Hadiza. Wata rana ƴar'uwarta Hala ta yi sallama a ƙofa, da ya ji muryar sai ya tuna da sallamar Hadiza, jikinsa ya motsa. Nana A'isha ce da kanta ta ba da waɗannan labarai, har ta ce ta yi kishin matar da ba ta taɓa gani ba. To, in tunawa da mamaci bayan shekaru laifi ne, wa zai fara faɗa? Abin da anka hana shi ne kururuwa, da yage tufafi, da marin fuska, da faɗin maganar da ke nuna ƙin hukuncin Allah. Hawaye ba ya cikinsu.

Ina ganin mun ɗan ɓata kalmar haƙuri. Mun mai da ita kamar murfin tukunya. Da mutum ya buɗe baki zai ambaci mamacinsa, sai mu ce, haba, yi haƙuri, mu sauya zance. Mu dai a ganinmu mun taimake shi. Gaskiya kuwa kanmu munka taimaka, don mu ne ba mu son jin nauyin. Tukunyar da ke tafasa in an danne murfinta, kun san abin da ke biyo baya. Mai haƙuri shi ne wanda ke jin zafin, bai saɓa wa Ubangijinsa ba, ya tashi ya ci gaba da ɗawainiyar gidansa. Wannan mata shekara da shekaru tana ciyar da yara biyar da cinikin ƙuli-ƙuli, har ta shiga aji tana koyon baƙi. In wannan ba haƙuri ba ne, a gaya mini sunansa.

To, me mai rashi zai yi in ranar ta doso? Abu na farko, kada ta same shi ba shiri. Yawanci kwanakin da ke gabanin ranar sun fi ranar kanta wuya, saboda fargaba. Wanda ya san watan da abin ke zo masa, sai ya gaya wa wani na kusa tun da wuri. Mace ta ce wa ƴar'uwarta, yaya, mako mai zuwa ne kwanakin Malam, ki riƙa leƙo ni. Babu kunya a ciki. Sa'an nan ta shirya abin da za ta yi ranar, kada ta bar wunin fanko. Wani ziyarar kabari ke sanyaya masa rai. Wani karatun Alƙur'ani, wani sadakar fura ga almajirai, wani kuwa ya tafi gona ya yi aiki har ya gaji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada a tilasta wa kowa hanyar wani. A gida ɗaya ma sai ka ga uwa tana son a yi ta ambaton marigayin, ɗanta kuwa ba ya iya jin sunan sai ya fita waje. Duka biyun son shi suke yi.

Ranar salla kanta, ba dole ne a yi komai yadda aka saba ba. In zagayen barka da salla ya yi miki nauyi, je gida biyu ki dawo. In kuma kin ji daɗi, kin yi dariya da jikoki, kin ci nama, kada ki ce kin ci amanar mamaci. Wannan tunani yana damun mutane da yawa, musamman iyaye mata da sunka rasa ɗa. Dariyarki ba ta rage masa komai a kabari, addu'arki ce ke isa gare shi.

Akwai dabarar da na fi so, kuma daga labarin da na ba ku ɗazu na ɗauko ta. A ƙasarmu ranar farko ake yanka, a feɗe, a soke raguna a itace a jera su kewaye da wuta har yamma, sai washegari a rarraba. To, ranar rabo, a fitar da kaso ɗaya da sunan wanda ya tafi. A ba yaro ya kai wa abokin marigayin, wanda suke zama tare a gindin gawo, ko tsohuwar da ya saba aika wa goro. A ce, ga na wane. Za a yi hawaye, za a yi addu'a, za a kuma ba da labarinsa, wataƙila har a yi dariyar wani abin da ya taɓa yi. Yaran gida su ji cewa ubansu mutum ne a cikin mutane. Wanda kuma ba shi da halin yanka, ranar 3 ga Agusta tana nan, ranar ƴancin kai da dashen itace. Ya dasa mangwaro ko bedi da niyyar sadaka ga mamacinsa, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Ba ya cin ko dala, kuma duk shekara yana da abin da zai je ya duba.

Sai zancen sadaka, inda nake so mu daɗe kaɗan, don nan ne ake ɓarna. Zaman makoki kwana uku ne. Bayan haka al'ada ta kawo sadakar uku, da ta bakwai, da ta arba'in, wasu har da ta cikar shekara. Malamai sun yi saɓani a kai, wasu na yi, wasu na hanawa, kuma a garuruwan Arewa an sha yin gardama a kan haka, har wa da ƙane su daina gaisawa. Ba zan raba wannan gardama a rediyo ba, kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Amma akwai abin da na gani da idona, kuma ba zan yi shiru ba. Na ga gidan da anka buɗe rumbu cikin bazara, anka fitar da damman hatsin marayu, anka sayar da akuyar da ta rage, anka ci bashin jikkuna, don kada a ce ba su yi wa tsohonsu sadakar shekara ta fita kunya ba. Mutane sunka ci, sunka wanke hannu, sunka watse. Da damina ta tsaya, yaran gidan sunka tafi ƙwadago gonakin wasu, tasu gonar ciyawa ta cinye. Wace irin sadaka ce wannan? Dukiyar maraya ba ta halatta a ciyar da gari da ita, kuma a kan wannan babu saɓani. Lokacin da labarin rasuwar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya iso Madina daga yaƙin Mu'uta, umurnin da Manzon Allah ya bayar shi ne a dafa abinci a kai wa iyalansa, don abin da ya same su ya shagaltar da su. Mu mun juya abin. Mai rashi ke dafawa, mu ke ci. In za a yi sadaka, a yi gwargwadon hali. Faifan masa ɗaya da zuciya ɗaya ya isa.

Ku kuma maƙwabta da dangi, yanzu da ku nake. Ranar da anka yi rasuwa kowa na zuwa. Mutane sukan taso daga Matankari, daga Fadama, har daga Kamba da Birnin Kabi a ƙetaren iyaka, tabarmi ba su isa. Bayan kwana arba'in sai ƙafa ta ɗauke. To, lokacin ne ainihin kaɗaici ke farawa. Zumunta a ƙafa take. Ranar jajibiri, ka tambayi kanka, wane gida ne a unguwarmu anka yi rashi bana? In kun sauko daga idi, ku fara da wannan gida kafin gidan mai kuɗi. Mai takaba ba ta yawon salla, saboda haka ku mata ku je gare ta, ku zauna, ku taya ta tsinkar zogale ko daka, ko ba ku ce komai ba. Kada ku ji tsoron kiran sunan marigayin wai don kada ku tuna mata. Ba ta manta ba balle ku tuna mata. Abin da ke ci mata rai shi ne ta ga kamar kowa ya manta. Ƙanen miji ko wansa, ya zo da wuƙarsa ya tsaya a kan yankan gidan, in akwai abin yankawa. In babu, kason gidan ya fita tun kafin na kowa. Wanda ke cin rani a Kwatano ko Legas ko Abijan, ga tarho a aljihunsa. Ya kira ranar, ya ce, inna, na tuna yau ne kwanan baba, yaya haƙuri? Wannan kira ya fi mata turmin atamfa.

Maƙwabtanmu Kirista, waɗanda ke Dogon Dutsi da Gesheme da sauran wurare, su ma haka Kirsimeti da Ista ke zo musu. Sun zo mana gaisuwa, mu je musu.

Kada a manta da yara. Mukan ce yaro bai san mutuwa ba. Ya sani, bakin faɗa ne ba shi da shi. Ranar salla yana ganin ƴan'uwansa riƙe da hannun ubanninsu zuwa filin idi. Sai ka ga ya yi ta rigima, ko ya koma fitsarin kwance, ko ya ƙi sa sabuwar riga. Duka ba ya maganin wannan. Kawu ko baffa ya kama hannunsa su tafi idi tare. In ana ɗinki, a ɗinka da shi, iri ɗaya da na ƴaƴan gida. Kuma kada a ce masa babansa ya yi tafiya, don zai yi ta tsaron hanya duk ranar da motar kasuwa ta tsaya. A gaya masa gaskiya da kalmomin da zai gane, a koya masa yadda zai yi wa uban addu'a.

Maza kuma, ku ne kunka fi ba ni tsoro. An koya mana tun muna ƙanana cewa namiji ba ya kuka. Sai magidanci ya rasa matarsa ko ɗansa, ya haɗiye, ya rame, ya koma ba ya zama majalisa. Wani saurayi sai ya faɗa shan tiramol da sauran ƙwayoyi wai don ya manta. Ƙwaya ba ta mantar da kowa, bashi ne take ci maka, gobe ka biya da riba. Ka nemi aboki ɗaya ko limamin unguwa, ku zauna bayan isha'i, ka faɗi abin da ke ranka.

Yaushe ne abin ya wuce na gida, sai an je likita? Ku saurara da kyau. In baƙin cikin ya zo ya yi kwanaki ya lafa, mutum ya koma harkarsa, wannan ba ciwo ba ne. Amma in watanni sun wuce mutum bai iya aiki, bai iya kula da yara, bai wanka, bai barci, kullum hankalinsa na wurin mamacin kamar jiya anka yi, to, ana bukatar taimako. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira OMS, ta sa irin wannan doguwar damuwa cikin littafinta na cututtuka wanda ya fara aiki a 2022. Ta ce sai abin ya wuce aƙalla wata shida, kuma ya zarce abin da al'ada da addinin mutanen wurin sunka saba da shi. In kuwa mutum ya fara cewa gara shi ma ya bi, ko rayuwa ba ta da amfani, kada a jira ko kwana ɗaya, kada kuma a bar shi shi kaɗai. A raka shi gidan likita mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura shi gaba, Dogon Dutsi ko Dosso ko Yamai. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne.

Tsofaffi da masu hawan jini, a sa musu ido a waɗannan ranaku. A ƙasar Suwidin masu bincike sun bi takardun mutuwa na shekaru masu yawa, sunka gano cewa iyaye mata da sunka rasa ɗa, haɗarin mutuwarsu yana ƙaruwa a makon da ranar rasuwar ke zagayowa, kuma ciwon zuciya na cikin manyan dalilai. Saboda haka in tsohuwa ta ce ƙirjinta na ciwo ko numfashi na yi mata wuya, kada a ce tunani ne kawai. A kai ta a auna.

Kun lura da yadda anka gano wannan? Don suna rubuta ranar haihuwa da ranar mutuwar kowa. Mu kakanninmu da sunan shekara suke riƙewa. Za ka ji an ce wane ya rasu shekarar yunwar 1984, wadda wasu ke kira El Buhari, ko shekarar da soja sunka karɓi mulki, wato 1974. Mutanen Lugu har yau suna ba da labarin zuwan sojojin Bule a 1899 da tsayuwar Sarauniya, baki da baki, ba takarda. Wannan riƙo abin yabo ne, amma babban abu kaɗai yake riƙewa. Ranar da kakarka ta rasu, in tsofaffin gida sun ƙare, ta tafi ke nan. Ku da kunka iya rubutu, wannan aikinku ne yanzu. Kuma in an yi rasuwa, a je ofishin magajin gari a yi takardar mutuwa da wuri. Ranar rabon gado ko neman haƙƙin marayu za a neme ta.

Malam mai takarda, ga abin da nake ba ka shawara. Kada ka yi wa ɗalibarka faɗa a kan fashi, kada kuma ka karanta mata wannan jawabi gaban aji kamar ita anka nufa. Kafin bazara ta kama, ka sa mata biyu daga cikin abokan karatunta su riƙa biya mata, su taho tare. In ta ce yau ba ta iyawa, su zauna da ita kaɗan, su bar mata darasin ranar. In ta so, ka taimake ta ta rubuta sunan mijinta da hannunta, da garin da anka haife shi, da aikin da ya iya, da sunayen gonakinsa, don ƴaƴanta da jikokinta. In ba ta so ba, ka ƙyale ta.

Ga aikin wannan mako ga dukan azuzuwa. Kowane ɗalibi ya buɗe shafin ƙarshe na littafinsa. Ya ja layi uku daga sama zuwa ƙasa, ya sami gida huɗu. Gida na farko sunan wanda ya rasu a danginku, na biyu watan Musulunci, na uku watan boko da shekara, na huɗu lokacin, ko rani ko bazara ko damina ko kaka. Abin da ba ku riƙe ba, ku tambayi tsofaffi tun suna nan. Na lissafi kuma: layya ta kama 24 ga Satumba a 2015, tana ja da baya da kwana 11 kowace shekara, a wane wata ta kama a 2018? Malamai su tattara amsoshi su aiko mana ta hannun mai kula da karatun manya na gundumarsu.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan yadda ake cika takardar haihuwa da ta mutuwa, layi bayan layi, saboda haka kowa ya zo da alƙalaminsa. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kyautata namu zuwan. Mu kwana lafiya.